Kuɗin da Ba Ya Sayen Ko Ƙosai: Shin Sulallan Ado Sun Cancanci a Tara Su?



Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya san irin tallan nan. Kwandala ce sabuwa fil, tana ɗaukar ido a cikin ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski, ga takardar shaida mai lamba da hatimi a gefe, mai tallan kuma sai kumfar baki yake yi wai guda dubu biyar kacal aka buga a duk duniya, wanda bai saya yau ba gobe sai dai ya ji labari. Wata da hoton zaki, wata da hoton ɗan ƙwallo, wata an shafa mata launi, har akwai wadda aka maƙala wa ɓarɓashin dutsen da ya faɗo daga sama. Maganar ta fara shigowa hirarmu ta ɗakin kwana da ta gindin bishiya, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da kowa ke lissafin inda zai ɓoye ɗan abin da ya tara kafin faɗuwar naira ta lashe shi. Wasu na cewa jari ne da ya fi adashi, wasu na cewa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne.

Ni dai ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa: in riba kake nema, mafi yawan waɗannan sulalla ba su cancanci kuɗinka ba. In kuwa sha'awa ce, akwai yadda ake yin ta ba tare da an ƙare da cizon yatsa ba. Ga dalilaina, kowa ya auna da kansa.

Wace irin kwandala ce wannan?

Kuɗin ƙarfen da kakanninmu suka sani, kwabo da taro da sisi da sule, an buga su ne don su shiga kasuwa su yi aiki. Kwandala ta bi hannun mai koko, ta kwana a lalitar mai goro, wata ta faɗa rijiya, wata ta goge har rubutun jikinta ya ɓace, daga ƙarshe gwamnati ta janye saura ta narkar. Bayan shekara saba'in ko ɗari, 'yan kaɗan ɗin da suka tsira da kyansu su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke rububi a kai. Wato zamani ne ya mayar da su ƙalilan, ba wanda ya zauna ya tsara hakan.

Wadda muke magana a kanta yau dabam take. Tun ranar da aka zana ta an san ba za ta taɓa sayen ko ƙosai ba. An buga mata sunan wata ƙasa, an rubuta mata ƙima, dala biyu ko fam biyar ko sefa dubu, a takarda doka ta san da ita a matsayin kuɗi, amma daga inji sai cikin kwanson roba, daga kwanso sai akwati, daga akwati sai hannun wanda ya biya ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta a jikinta. Ƙarancinta kuma a ofis aka yanke shi. Wasu mutane ne suka zauna a teburi suka ce a buga dubu biyar, da sun ga dama da sun ce dubu hamsin.

Akwai wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai suna Niue. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, ɗaliban makarantar nan ma sun ninka su, kuma dalar Niyuzilan suke kashewa a kantunansu. Amma in ka leƙa kasuwar sulallan ado sai ka rantse Niue wata babbar daula ce. Tun 2001 aka buga kwandala da sunanta mai hoton Pikachu, a 2011 aka fito da na taurarin fim ɗin Star Wars, daga baya na Disney suka biyo baya. Wani kamfani mai zaman kansa, New Zealand Mint, shi ke buga da yawa daga cikinsu. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kamfani na da inji da masu saye amma ba shi da ikon kiran abin da ya ƙera kuɗi, ita kuma ƙaramar ƙasa tana da wannan iko amma tana neman kuɗin shiga. Sai a ƙulla yarjejeniya, ƙasa ta ba da hayar sunanta ta karɓi ladanta.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. Akwai sulallan azurfa birjik a intanet da aka rubuta wa sunan Jamhuriyar Nijar ko Chadi ko Kamaru, da ƙimar sefa 500 ko 1000, alhali kamfanonin Turai da Amurka ne ke buga su don masu sayensu na can. Wani kamfanin Amurka mai suna Scottsdale Mint ya buga jerin sulalla da sunan Chadi masu ɗauke da kayan tarihin fir'aunonin Masar. Me ya haɗa Chadi da Tutankamun? Kasuwa. Wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san cewa kuɗin ƙarfen da ake kashewa a can sunan babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, ke jikinsu. Ka miƙa wa mai shayi a Maraɗi kwandalar nan ta sefa dubu, jaka guda ke nan a lissafinsu, zai juya ta gaba da baya, ya yaba kyanta, sannan ya ce a ba shi kuɗi.

Farashi uku a jikin kwandala ɗaya

Nan ne gundarin darasin yake, don haka a ɗan daure mini. Kowace irin wannan kwandala farashi uku gare ta. Akwai ƙimar da aka rubuta a jikinta. Akwai kuɗin ƙarfen da ke cikinta, wato nauyin azurfar ko zinarin a farashin kasuwar duniya na ranar. Da oza ake auna su, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce. Sai kuma farashin da mai shago ya yanka maka. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ita ce kuɗin zane da akwati da talla da lasisin masu fim da ladan ƙasar da ta ara suna da ribar dillali. Ni kuɗin labari nake kiran ta.

Mu yi lissafi irin na aji. A ɗauka oza ɗaya ta azurfa dala 30 ce yau, kuma ana sayar da kwandalar ado mai oza ɗaya a kan dala 90. Ka ga ke nan ka biya 30 na ƙarfe, 60 na labari. Ranar da ka tashi sayarwa, in ba ka sami wanda labarin ya burge kamar yadda ya burge ka ba, sai farashin azurfa ya ninka sau uku kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Abokinka da ya zuba dala 90 ɗin nan a azurfa zalla kuwa ya kama kusan oza uku, ranar da kake murnar mayar da 90 ɗinka shi wajen 270 yake ƙirgawa. Kuma fa ban sa kuɗin aike da na kwastan da abin da canji zai ci ba.

Wani zai ce, to ai ko ba komai ƙimar da aka rubuta tana nan, gwamnati ce ta lamunce ta. Mutanen Ingila sun gwada wannan. A 2013 gidan buga kuɗin ƙasar, Royal Mint, ya fito da kwandalar azurfa ta fam 20 yana sayar da ita fam 20 daidai, daga baya ya ƙara da ta fam 50 da ta fam 100. Azurfar da ke cikin ta fam 20 kusan rabin oza ce, wadda a lokacin ba ta kai fam 20 ba, amma jama'a suka ga ai babu asara tunda kuɗi ne aka canza da kuɗi. Zuwa farkon 2016 sai gidan buga kuɗin ya sanar da bankuna cewa ba dole ba ne su karɓi waɗannan sulalla, bankuna kuwa suka daina karɓa. Ashe kalmar "halastaccen kuɗi" a dokarsu ma'anarta ƙuntatacciya ce, ta shafi biyan bashi ne, ba ta tilasta wa mai kanti ko banki karɓar abin da bai ga dama ba. A 2020 wani mutum a can ya sha man fam 60 a gidan mai ya miƙa kwandalar fam 100, aka ƙi karɓa, rigima ta kai har 'yan sanda suka kama shi. Daga baya sun biya shi diyyar fam 5,000, amma wa zai so ya bi ta caji ofis kafin ya kashe kuɗinsa? Kanada ma ta yi irin wannan shiri daga 2011, kwandalar dala 20 a kan dala 20, azurfar ciki kusan rubu'in oza. Mutane suka riƙa mayar da su suna karɓar kuɗinsu, a farkon 2017 aka rufe shirin.

To in a ƙasar da ta buga kwandala da kanta haka ake fama, ina ga kwandalar da aka buga a Jamus da sunan wani tsibiri, kai kuma kana riƙe da ita a nan?

Saura ƙarfe. Shi ne dai ƙasan da ƙafarka za ta taka in komai ya rushe. A 2007 Kanada ta ƙera wata ƙatuwar kwandalar zinari mai nauyin kilo 100, aka rubuta mata dala miliyan ɗaya. A watan Maris na 2017 ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Bode a Balin suka sace ɗaya daga cikinsu, suka tura ta a baro. Ba a sake ganinta ba, masu bincike sun yi imanin sassara ta aka yi aka sayar, don zinarin ciki ya haura Yuro miliyan uku. Ɓarayin nan ba hoton Sarauniya suka je ɗauka ba, nauyi suka je ɗauka. Haka kasuwa take yi wa ƙananan ma. A shekarun 1970 wani kamfanin Amurka, Franklin Mint, ya buga wa ƙasashe da dama sulallan ado yana sayar wa jama'a ta gidan waya, da yawa suka saya da niyyar ajiyar gado. Da azurfa ta yi tashin gwauron zabi ta kai kusan dala 50 a Janairun 1980, kaya masu yawa irin waɗannan tukunyar narki suka nufa, da zanensu da komai. Sulallan azurfa 28 da Kanada ta buga don wasannin Olamfik na Montiriyal na 1976, shekaru da dama a kan kuɗin azurfarsu ake cinikinsu ko ɗan sama da haka kaɗan.

Dalilin a bayyane yake in ka yi tunani. Abin da kowa ya ɓoye ba ya ƙaranci. Da Churchill ya rasu a 1965 Ingila ta buga kwandalar tunawa da shi fiye da miliyan 19, da aka yi bikin auren Charles da Diana a 1981 aka buga fiye da miliyan 26. Kowane gida ya jefa tasa a durowa yana jiran ta yi tsada. Har yau suna nan a durowa, kuma babu ko azurfa a cikinsu balle a narkar. Ita kuwa ta zamani mai kwanson roba, in an buga dubu biyar, bayan shekara hamsin kusan dubu biyar ɗin nan suna nan sumul, ba wadda ta faɗa rijiya.

Waɗanda suka ci riba fa?

Akwai su, kuma rashin adalci ne in ɓoye. Amurka na buga wata dalar azurfa mai oza ɗaya tun 1986, Silver Eagle. A 1995 gidan buga kuɗi na West Point ya fitar da wani nau'inta mai sheƙin madubi wanda ba a samu sai a cikin wani saiti mai tsada tare da sulallan zinari. Guda 30,125 kacal suka fita, yau dubban daloli ake sayen ɗaya. A 1997 aka buga kwandalar zinari ta dala biyar don tunawa da Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariya a babbar gasar ƙwallon gora ta Amurka a 1947. Nau'inta marar sheƙi bai yi kasuwa ba sam, guda 5,174 aka sayar, daga baya ya zama abin nema. A 2007 Monako ta buga kwandalar Yuro biyu guda 20,001 don cika shekara 25 da rasuwar Gimbiya Grace, yanzu da dubban Yuro ake maganarta.

Amma a dubi abin da ya haɗa su. Ta 1995 ta yi tsada ne don akwai ɗimbin mutane da ke tara wannan dala shekara bayan shekara, kowa na so ya cike gurbin da ya rage masa, guraben sun fi kwandalolin yawa. Ta Monako ma haka, duk Turai akwai masu tara Yuro biyu na kowace ƙasa. Ta Jackie Robinson kuwa ta yi ƙaranci ne saboda mutane sun ƙi saye lokacin da ake talla. Wato ƙarancin adadi shi kaɗai ba ya yin komai. Dubu biyar ɗin da mutum dubu hamsin ke nema dukiya ce, dubu biyar ɗin da mutum ɗari biyu ke nema kaya ne a shago. Kuma kamfanin da ya ce maka dubu biyar kacal ya buga bai gaya maka cewa wata mai zuwa zai fito da wata dubu biyar ɗin mai hoton damisa ba, sannan mai hoton giwa, sannan mai hoton kada. A Amurka ma yawan ya taɓa isar mutane, bayan sulallan Olamfik na Atlanta na 1996 da suka yi yawa har suka gundure masu saye, majalisarsu ta taƙaita shirin sulallan tunawa zuwa biyu a shekara.

Labarin masu cin riba shi ake yayatawa, kamar na masu caca. Wanda ya yi asara ba ya buɗe shafi a intanet ya sanar.

Akwai kuma wani wasa da ake yi da maki. Kamfanonin tantance sulalla irin su PCGS da NGC a Amurka suna duba kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a roba. Ga tsohuwar kwandala wannan na da ma'ana, don wadda ta shekara ɗari ta fito da maki 65 abin mamaki ce. Amma sabuwar da hannu bai taɓa taɓawa ba, yawanci 69 ko 70 take samu, kuma bambancin maki ɗayan nan da idonka ba zai gani ba sai da madubin ƙara girma yana iya ninka farashi. Mu da muke faɗa da malamai a kan maki ɗaya tsakanin 69 da 70 mun san zafin abin, amma aƙalla namu yana canza sakamako.

Mu dawo gida

Duk ribar da na ambata a sama ta samu ne a inda ake da kasuwar masu tarawa: shaguna, gwanjo, mujallu, dillalan da za su saya daga hannunka yau-yau. Tambayar da ɗalibi a nan zai yi wa kansa kafin ya tura ko kwabo ita ce, ranar da kuɗin makaranta ko na furojet ya taso mini, wa zan kai wa? 'Yan canji na Wapa takarda suka sani. Masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi tsohon abu suke so. Mai sayen gwal da azurfa kuwa zai cire ta daga akwatin, ya ɗora a sikeli, ya goga ta ya gwada, ya yi maka farashin giram, ya rage nasa. Takardar shaidar da akwatin karan-miskin kai za a miƙo wa ka koma da su. In ka ce za ka sayar wa Turawa ta intanet, ga kuɗin aike, ga kamashon shafin, ga wahalar karɓar kuɗi daga waje, ga kuma mai sayen da zai yi ɗari-ɗari da sabon mai sayarwa da bai sani ba.

Sai a kula da wani ruɗi da faɗuwar naira ke haifarwa. A watan Mayun 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi kwandala kafin lokacin zai iya nuna maka cewa kuɗinsa ya ninka a naira, kuma gaskiya ya faɗa. Amma dala ce ta yi masa aikin. Da dalar ya ajiye a ƙarƙashin katifa da ya fi haka samu, tunda ita ba a cire mata kuɗin labari ranar sayarwa. Duk mai nuna maka riba, ka ce ya yi maka lissafin da dala ko da giram.

Ga kuma jabu, wanda shi ne babbar matsalar cinikin biri a sama. Ana ƙera kwandalar tagulla a yi mata ruwan azurfa, a haɗa mata akwati da takardar shaida, don ai buga takarda ya fi buga kwandala sauƙi. A nan kam mu 'yan kimiyya da fasaha muna da abin da za mu yi taƙama da shi, don gwajin a ɗakin gwaje-gwajenmu ake koyar da shi. Kowace kwandala ta gaskiya an wallafa nauyinta da faɗinta: Silver Eagle giram 31.1 ce, faɗinta milimita 40.6. Azurfa na da nauyin giram 10.5 a kowane santimita murabba'i mai zurfi, jan ƙarfe wajen 8.9, dalma 11.3. Don haka kwandalar jan ƙarfe in ta yi daidai a nauyi dole ta fi kauri ko faɗi, in ta yi daidai a girma dole ta gaza a sikeli. Ka auna ta a iska, ka auna ta a rataye cikin ruwa, ka raba nauyin farko da bambancin da ke tsakaninsu, lambar da ta fito za ta gaya maka wane ƙarfe ne a hannunka. Maganaɗisu kuma ba ya kama azurfa ko zinari, in ya maƙale to magana ta ƙare. Zinari ne mai wuyar sha'ani, don nauyinsa 19.3 ne, akwai kuma wani ƙarfe mai suna tangistin da ke kusan daidai da haka, shi ake cusawa a ciki. Wannan sai da na'ura. A lura kuma da kalmomin talla: abin da aka ce an yi masa ruwan zinari, zinarin jikinsa bai kai a auna ba, abin da kuma babu sunan ƙasa da ƙima a jikinsa lambar ado ce kawai, ko da an kira ta kwandala.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura. Malamai sun yi bayani cewa cinikin zinari da azurfa hannu da hannu ake yin sa, don haka wanda zai biya yau kaya su iso bayan wata guda ya tuntuɓi malaminsa tukuna. Zakka ma tana hawa kansu in sun kai nisabi sun shekara, wanda aka fi ƙiyastawa da giram 85 na zinari ko 595 na azurfa, ko suna cikin akwati ko suna waje.

Wanda burinsa ajiyar dukiya ne, akwai wani rukunin sulalla da su ma ba a kashe su a kasuwa amma ba sa sayar da labari. Afirka ta Kudu ta fara buga Krugerrand a 1967, oza ɗaya ta zinari, ko ƙima ba a rubuta mata ba, farashinta na bin farashin zinari na ranar da ɗan ƙari kaɗan. Zimbabuwe ta fito da tata a 2022 don jama'a su sami abin ajiya maimakon rububin dala, babban bankin Gana ma ya fito da tasa a 2024, mai oza ɗaya da rabi da rubu'i, ana saye ta bankuna da sidi. Waɗannan a wurina danginsu ɗaya da sarƙa da awarwaron gwal da iyayenmu mata ke ajiyewa, har sun fi, tunda babu kuɗin ƙira mai yawa. Ƙa'idar dai ɗaya ce: gwargwadon kusancin abin da ka biya da kuɗin ƙarfen, gwargwadon kwanciyar hankalinka.

Kai, mu fa mun daɗe da sanin irin wannan kwandala. Liyari, dalar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasashenmu, mata suna ado da ita, maƙera suna narkarwa. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga 1780 ake rubuta mata. An buga ta a Landan da Faris da Rum da Bombay, har yau gidan buga kuɗi na Biyana yana buga ta da wannan shekara. Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Don haka in wani ya nuna maka liyari ya ce ta shekara ɗari biyu da arba'in, wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma ka girme ta. Kakanninmu da suka karɓe ta ba shekarar suka duba ba, nauyinta da amonta suka sani.

In sha'awa ce

Ban ce a guje su gaba ɗaya ba. Wasunsu aikin hannu ne na ban mamaki, kuma wanda ke karatun zane ko ƙarafa zai ƙaru da kallonsu. Ostiriya tun 2003 take buga kwandalar Yuro 25 mai zoben azurfa da tsakiyar wani ƙarfe mai suna niyobiyam, kowace shekara da launinta, kuma launin ba fenti ba ne, siririyar fatar da ke samuwa a saman ƙarfen ce ake sarrafa kaurinta har ta ba da shuɗi ko kore ko ja. Sin na canza zanen dabbar fanda a kwandalarta kusan kowace shekara. In mutum ya ga irin wannan ya so, ya saya da kuɗin da ya san ba zai nema ba, kamar yadda wani ke sayen rigar kulob ɗinsa, ba ni da ta cewa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shawarata kawai kada ka saya ranar da aka fito da ita ana kiɗa ana guɗa. Ka jira shekara biyu ko uku, da yawa za ka same su a hannu na biyu sun sauko, wani ya riga ya biya maka rabin kuɗin labarin. Kuma ka fi karkata ga jerin da gidan buga kuɗin gwamnati ke yi shekara da shekaru, mai mabiya, a kan na kamfanin da ke ara sunan tsibiri.

Amma ni in ɗan aji ɗaya ya tambaye ni ta ina zai fara, gida zan tura shi. Ya je ya roƙi kakarsa ta buɗe masa tsohuwar adaka ko kwallar da ke ƙarƙashin gado. Akwai anini da kwabo masu huji a tsakiya na zamanin Turawa, da tauraro da rubutun Larabci a jikinsu, waɗanda aka fara bugawa a 1907. Aninin farko ma da alminiyam aka yi shi. Akwai na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin shekara ta cika. Ingila kanta ba ta fitar da kuɗinsa kasuwa ba, amma a nan an kashe su, kuma da yake an buga da yawa ba su da tsada. Akwai na Tarayyar Najeriya na 1959. Akwai na farkon naira a 1973, rabin kwabo mai auduga, kwabo ɗaya mai rijiyoyin mai, kwabo biyar mai koko, kwabo goma mai kwakwar manja, kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa. Ka jera waɗannan biyar a tafin hannunka, ka ga tattalin arzikin ƙasar nan na wancan lokaci ba tare da ka buɗe handawut ba. Har na 2007, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya, waɗanda aka buga don kashewa amma tsadar kaya ta mayar da su na ado da ƙarfi da yaji, ƙannenmu da yawa ba su taɓa riƙe su ba.

Su ma ba za su mayar da kowa attajiri ba, yawancinsu kuɗinsu kaɗan ne. Sai dai kusan kyauta za ka same su, kuma akwai gurabe na gaske da za ka yi ta nema: wata shekarar, wani sarkin, wata alamar gidan bugawa. In ka samu, don Allah kada ka wanke su da toka ko tsamiya ko lemon tsami don su yi ƙyalli, gogewa na kashe darajarsu a idon masu tarawa. Ka riƙe su ta gefe, ka sa kowace a 'yar ambulan ɗinta, ka rubuta shekara da inda ka samo ta da sunan wanda ya ba ka, ka ajiye a inda damina ba za ta kai musu laima ba.